Ordi Mai Zafi da Jar Akuyar Inna

Ƴan gurup, ku yi mini haƙuri, yau zan cika muku waya. Na yi sutnans, na tsaya gaban malamai na kare memuwar ɗina, wato kundin kammala karatu, sun sa hannu, na haye. Tun ɗazu bakina ya ƙi rufuwa, har mai kabu-kabun da ya ɗauko ni ya tambaye ni ko aure aka ba ni. To cikin masu taya ni murna sai ga Bashar yana cewa ya yi mamaki tsohuwar ordina ta kai ni, amma wai gyaran kwamfuta ba wani abu ba ne, ka kalli bidiyo a waya, ka kwance, ka hura, ka ɗaure, shi ke nan. Bashar mutumina, ni ma da haka nake cewa. Bari in ba ka labarin Baba Ilu mai gyara na Tasawa, yadda ya ba ni shi da bakinsa yana aiki, sai ka sake magana.

Kun san ordin, ai kun sha yi mata dariya a aji. Ta hannu ce, kawuna ya zo mini da ita daga Kano tun ina shekarar farko. A bazarar da ta wuce ta fara hauka. In ka kunna ta, fankar ciki ta dinga ihu kamar injin niƙa, ƙasanta ya yi zafin da ba ka iya ɗora ta a cinya, can sai ɗif, ta mutu. Lokacin na koma gida Maijirgi ina rubutu. Ina zama ƙarƙashin rumfar tsakar gida, inda Inna ke sussukar gero, don nan ne kaɗai waya ke kama rezo. Da zafin ya ishe ni sai na ƙirƙiro dabara: na jiƙa buhu, na shimfiɗa a bakin randa, na ɗora ordin a kai. Wallahi a lokacin ji nake ni injiniya ne.

Shekarar kuwa kun san yadda take. Ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke fidda kai, rumbunmu bai yi ko rabi ba. Ga soja sun karɓi mulki, an rufe boda, komai ya yi tsada. Dabbobin Inna sun tafi ɗaya bayan ɗaya a hatsi, saura jar akuya guda, wadda ake tatsa a dama fura. Wata rana ina tsakiyar babi ordin ta mutu, abin da na rubuta tun safe ya bi ruwa. Inna ta ga fuskata. Da yamma ta kira yayana Hamisu ta ce ranar kasuwar Tasawa ya kai akuyar kara, wajen cinikin dabbobi, a sayar, ni kuma in sayar da tsohuwar ordin in haɗa, in sayi wata mai ɗan dama-dama a Maradi. Ta ce karatun da ya zo ƙarshe ba ya tsayawa don akuya. Akwai wata baƙa siririya da na daɗe ina leƙe a wani shago, don haka ban yi gardama ba.

Ranar kasuwa muka yi sammako a amalanken jaki, akuya ɗaure a baya tana kuka, ni rungume da jaka. A bakin kara muka rabu. Muka yi da Yaya Hamisu cewa zai bar dillali ya nema, amma ba zai sallama ba sai na kira shi, don sai na ji nawa za a sayi ordin tukuna in ga ko lissafin zai haɗu.

Shagon Baba Ilu na kwano ne sama da ƙasa, a lungun masu gyaran waya. A allon ƙofar har yanzu hoton rediyo ne, ya koɗe. Dattijo ne dogo, farin gemu, tabarau ɗaure da zare, kuma ba shi da kunyar yabon kansa ko kaɗan. Kafin in gama gaisuwa ya gaya mini daga nan har Mayahi babu hannu irin nasa. Na ajiye ordin na ce sayarwa na kawo.

Ya ce, "Ban sayen abin da ban buɗe ba. Zamna, ɗana."

Na ce ina sauri, akuyarmu na kara. Ya ce akuya ta saba tsayuwa. Ya ɗauki ordin ya kai hanci wajen ragar da iska ke fita, ya shaƙa, ya juya ta ya sake shaƙa. Ya ce abin da ya ƙone yana da warinsa, kamar an jefa roba a murhu, wannan kuwa warin zufa take yi, ba ta ƙone ba tukuna. Na yi dariya na ce ai fanka ce kawai, na gani a bidiyo, da ina da turnabis, wato sukundireba, da na yi da kaina. Bai ji haushi ba. Ya miƙo mini turnabis ɗin ya ce bisimilla. Na juya ordin, na ga sukurori reras, wasu ɓoye ƙarƙashin roba, wasu ƙarƙashin batir. Na mayar masa da kayansa. Daga nan ya fara.

Ya jawo wani katako mai ramuka jere kamar na wasan dara. Kowane sukur ya kwance sai ya sa shi a ramin da ya yi daidai da mazauninsa a jikin ordin, na kusurwar dama a ramin dama, na tsakiya a tsakiya. Ya ce a ido duk ɗaya suke, amma wani ya fi wani tsawo da ɗan kaɗan, in ka mai da dogo gurbin gajere sai ya huda kart, wato koren allon nan da komai ke zaune a kansa, ka kashe abu da hannunka kana ganin gyara ka yi. Katakon na maigidansa ne, Malam Shu'aibu, wanda ya koya masa gyaran rediyo tun yana saurayi. Ya ce farkon zuwansa ba a bar shi ya taɓa rediyo ba. Aikinsa hura gawayi, don ƙarfen narka dalma na lokacin a wuta ake sa shi, babu kuran, wato wutar lantarki, a unguwar. Dole ka san zafinsa ba tare da ka taɓa ba. Ka kawo shi kusa da kunci, in ya yi sanyi dalma ba ta kamawa, in ya wuce kima ya ɗaye layin kart. In ka kuskure Malam Shu'aibu ba ya duka, sai dai ya mayar maka da ƙarfen ba magana, ka sake, ka sake, har masu jira su fara yi maka tsiya.

Kuma daga wurinsa ya gaji dokar da ta sa ya zaunar da ni: ba ya buɗe abu sai mai shi na kallo. Ya ce mutanenmu in an gyara musu abu a bayan ido, ko ya yi kyau sai sun ce an cire na asali an sa na banza. Gara ka zauna ka ga abin da ya fito daga cikin kayanka.

Abin da ya fito daga cikin nawa, jama'a, ba daɗin faɗi. Da ya ɗaga murfin, fankar a toshe take da wani abu kamar audugar katifa, launin ƙasa. Ya tsinko da ɗan hantsaki ya murza a yatsa, ya ɗora mini a bayan hannu. Nan take wurin ya fara ƙaiƙayi.

Ya ce, "Gidanku ana sussuka. Kuma kai kusa da turmi kake zama."

Ƙaiƙayin gero ne, fankar ta yi ta zuƙa tana tarawa har ya zama bargo. Sai ya nuna mini wasu wurare a gefen kart da suka yi kore-kore, da sukurori biyu da suka yi tsatsa, ya tambaye ni ruwa ya taɓa zuba mata. Na ce a'a. Ya dube ni ta saman tabarau, na ce to, randa. Ya yi dariya har da tari. Ya ce ba ni ne farau ba, kuma ba wauta ba ce, duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da ya yi zafi randa ake kai shi, nono, goro, maganin asibiti. Sai dai ita wannan ta ƙasa take shaƙar iska, na ɗora ta kan jiƙaƙƙen buhu na toshe mata hanci, na kuma ba ta laima ta sha.

Ya ɗauko ƴar zuga-zugi ta fata, irin ta maƙera amma ƙarama, wani maƙeri ya ɗinka masa. Yana da injin hurawa na kuran, ga shi can a rataye, amma tun da aka rufe boda wuta sai ta ga dama take zuwa. Ya danne fankar da yatsa kafin ya hura, ya ce in ka bar ta ta juya da ƙarfin iska ka ƙarasa ta. Ƙaiƙayi ya tashi, ni da shi muka yi ta atishawa. A nan wayata ta yi ƙara. Yaya Hamisu ne, ya ce an taya amma tayin wulaƙanci, kowa ya kawo dabba yau, kara ta cika. Na ce ya ƙara jira.

Baba Ilu ya ji. Ya ce ya san irin wannan ranar, ya taɓa ganin wadda ta fi ta. Lokacin babban fari, yana wajen Malam Shu'aibu, shi ma soja ke mulki. Ya ce a karar Tasawa ana ba ka saniya da abin da bai kai buhun hatsi ba, ka ƙi saye, don ba abin da za ka ba ta. Mutane suka daina kawo rediyo gyara, sai sayarwa. Malam Shu'aibu ya saya har shago ya cika, ya daina, don babu mai saye a hannunsa. Ya sallami yaran shago, shi Ilu ya rage saboda gidansu kusa ne, ba sai an ciyar da shi ba.

Aiki ɗaya ya fi tunawa a shekarar. Wani mutum ya zo daga Hawandawaki a ƙafa, don jakinsa ya mutu, da rediyo naɗe cikin rawani. Ita kaɗai ta rage a garinsu, kuma ta ita suke jin inda za a yi rabon hatsi da ranar da za a yi. Da aka buɗe, gidan batir ya cinye. Ba su da halin sayen sabon batir, sai suna shanya tsofaffin a rana suna bubbuga su da dutse don su ƙara ɗan ƙarfi, har suka fashe, ruwansu ya zagwanye ƙarfen da ke riƙe su. A shekara mai kyau, in ji Baba, wannan rediyon jefarwa ake yi. Malam Shu'aibu ya aike shi bola ya samo gwangwanin tumatir. Ya yanka siriri, ya kankare fentin da wuƙa, ya lanƙwasa, Ilu na miƙo ƙarfe daga gawayi, suka like shi da dalma. Ya ciro batura daga cikin rediyoyin da ya saya ya sa masa. Ta yi magana. Mutumin bai zauna shan ruwa ba, ya naɗe ta ya juya. Baba ya ce a ranar ya gane kafin ka ce wa mutum gyara ko sake, sai ka dubi abu biyu, cikin na'urar da kuma shekarar da ake ciki a gidan mai ita.

Yana magana yana kwance wani bututun jan ƙarfe da ya taso daga tsakiyar kart zuwa fanka. A ƙarƙashinsa akwai wani ɗan murabba'i mai ƙyalli, ya ce nan zafin ke tasowa. Tsakaninsu ana shafa wani mai, mai launin toka, da ke miƙa zafin ga bututun. Nawa ya bushe ya zama ƙanzo. Ya goge da alkol, sifirit ɗin nan, da tsumma a hankali, ya bi wuraren kore-koren da tsohon buroshin haƙori. Sai ya juya fankar da yatsa kusa da kunnensa, ya girgiza kai. Ta ci kanta, tana karkarwa. Ko an share ta ba za ta daɗe ba. Na tambaya ko akwai sabuwa. Ya ce da boda na buɗe da ya aika Kano, yanzu kuwa wanda ke kawo masa kaya ya koma sayar da albasa.

Na ce to shi ke nan, a saya kawai, in kira Yaya. Ya ce in dakata, bai gama ba.

Ya ce kar in ga yana buɗe ordi in ɗauka da ita aka haife shi. Rediyo ta ja baya ya koma kaset, kaset ta mutu ya koma tele, sannan waya ta zo ta kwashe kowa. Da gemunsa ya tafi Maradi ya zauna shagon wani yaro da ɗansa na fari ya girme shi, yana ce masa maigida, yana share masa tebur, samarin layin na kiransa ɗan koyo mai jika. Abin da ya fi ba shi wuya wayoyin ciki, sirara kamar bawon albasa, hannun da ya saba da rediyo ya yi musu nauyi. Ya ce har yau abin da ke cikin gilashin, rubuce-rubucenku da manhajojinku, bai sani ba kuma ba ya taɓawa, in matsalar can take sai ya tura ka wajen yara. Shi nasa jiki ne: zafi, caji, tsatsa, karaya.

Ya miƙe ya sauko da wata ordi daga kan kanta, ba murfi. Ta wani malamin lakwal ce, mai koyarwa a makarantar boko a Mayahi. Ya kawo ta tana zafi kamar tawa, sai dai shi ya daɗe yana tilasta mata, in ta mutu ya yi mata fifita ya sake kunnawa. Da Baba ya shaƙa ya ji warin roba. Ya buɗe ya ga kart ya yi baƙi ya kumbura a gefen murabba'in nan. Ya gaya masa gaskiya, wannan ta gama, ya kwashe takardunsa a kile, ɗan filashin nan, tun tana numfashi, ya nemi wata. Malamin ya ji haushi, ya ce tsoho ne bai iya ba. Ya kai ta Maradi, ya kai ta wani wuri, kowa ya gasa ta ya karɓi nasa, ta yi kwana kaɗan ta koma. A ƙarshe ya dawo ya ajiye ta nan, ya ce a amfana da abin da ya rage. Baba ya ce mai gyara da ba ya iya cewa a sake, ba mai gyara ba ne, mai tatsa ne. In zafi daga toshewa ne, ana gyarawa. In ya riga ya ci kart, ka haƙura.

Fankar malamin lafiyarta lau, amma ba irin tawa ba ce, kunnenta ɗaya ya yi tsawo, wayarta kuma bakinta daban. Baba ya gwada, ya cire, ya goga kunnen da zarto, ya sake gwadawa, ya sake gogawa. Ya yanke bakin wayar tsohuwar fankata ya haɗa da na wannan. Kuran ba ta zo ba, sai ya jona ƙaramin ƙarfen dalma a batirin fano, na sola, da ke ƙarƙashin tebur. Wayoyin nan kamar gashi, ni ko ganinsu sosai ba na yi, shi kuwa ya riƙe numfashi, ya ɗiga dalma, ya saki. Sannan ya matso ɗan sabon man toka, ɗigo kamar ƙwayar gero, ya ce masu bidiyo ba sa gaya maka in ka cika shi ma ɓarna ne. Ya mai da sukurori daga katakon dara, kowane gidansa.

Ta kunnu. Shiru, sai ɗan huci. Na miƙa hannu zan ɗauka, ya buge hannun.

Ya ce, "Ba ta hita sai ta yi azahar a nan. Kowace ordi lahiya lau take da hantsi."

Ashe haka yake yi wa kowa. Ya sa ni na kunna bidiyo mafi nauyi da nake da shi, na buɗe memuwar, na buɗe duk abin da zan iya buɗewa. Ya ɗora ta kan tebur, ya rufe taga, ya ja ƙofar kwano ya sa kwaɗo. Rana tana tsaka, shagon nan ko kai mutum ba ka iya zama ciki. Ya ce in ta jure wannan, za ta jure ɗakin kowane etidiyan, wato mu ɗalibai. Muka tafi masallaci.

Muna alwala waya ta sake ƙara. Yaya ya ce akwai mai saye guda da ke loda dabbobi a mota, ya ɗan ƙara a kan tayin safe, kuma dillali ya ce in motar ta tashi ba wani sai kasuwa mai zuwa, ita ma ba tabbas. Ya ce rana ta gasa shi, akuya ta ƙi cin komai, in faɗi magana ɗaya. Na roƙe shi ya ba ni zuwa a idar da salla. Ban ɓoye muku ba, sallar nan rabinta a shagon Baba na yi ta. In na hana sayarwa ordin ta mutu, ba memuwar, ba kuɗi. In na sallama kuma ta rayu, Inna ta rasa akuyarta a banza. Bayan an sallame Baba ya tsaya gaisawa da kowa, har da tambayar wani lafiyar ƙafarsa, ni ina tsaye kamar in ɗauke shi.

Da ya buɗe ƙofar zafi ya buge mu. Bidiyon na nan yana tafiya. Ya ɗora tafin hannu a ƙasanta, ya kai kunne, ya shaƙa, sannan ya ce in taɓa. Ɗumi ne kawai, irin na kwanon da aka ci tuwo aka ajiye.

Ya zauna ya cire tabarau. Ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, ba ta zama sabuwa ba. Laimar randa ta taɓa kart, ya share abin da ya gani, wanda bai gani ba Allah ya sani. Batirinta ya tsufa. Yana sa ran za ta kai ni ƙarshen karatu in na ɗora ta kan abu mai tauri, na nisanta ta da turmi, kuma duk abin da na rubuta in zuba a kile a ranar. Bayan nan bai ɗaukar mini alkawari. In kuma sayarwar nake so, yanzu zai saya, da daraja fiye da ɗazu.

Na ce, "Baba, in ɗanka ne, me za ka ce masa?"

Ya ce, "Ɗana, na hiɗi abin da ke cikin ordi. Abin da ke cikin gidanku kai ka sani."

Baƙar siririyar nan ta Maradi ta gifta mini a ido, ba zan ce ba ta gifta ba. Na danna lambar Yaya. Na ce ya kwance ta, gida za mu. Ya ce wato tun asuba yawon shan iska muka kawo akuya birni. Ina jin dillali a bayansa yana cewa ƴan lakwal ba su san kasuwa ba. Kuɗin gyaran bai kai na zakara ba, ɗan abin da ke aljihuna ya isa. Baba ya ƙulle mini matacciyar fankar da ƙaiƙayin a leda, ya ce kayana ne, ba ya riƙe na kowa.

To Bashar, wannan shi ne ka kwance ka hura ka ɗaure.

Rana ta yi sanyi muka shiga Maijirgi. Yaya bai yi mini magana ba duk hanya, da jaki yake hira. Inna na tsakar gida, ta ji kukan akuya tun daga waje, ta fito da muciya a hannu. Ta dubi akuyar, ta dubi Yaya.

Ta ce, "Ba ta sayu ba?"

Yaya ya ce, "Ta sayu. Malam ne ya hana."

Ta juyo kaina, ba fara'a. Ta ce ita ba ta ce in tausaya mata ba, karatun fa? Na zauna bakin dakali, na ciro ordin na kunna, na bar ta tana aiki ina ba ta labarin Baba Ilu, ita kuwa ba labarin take ji ba, ordin take kallo. Da ta ga an jima ba ta mutu ba, ta matso, ta goge hannu a zani, ta ɗora bayan hannunta a jikin ordin ta ɗan jima, yadda take yi mana a goshi muna yara.

Ta ce, "Zazzaɓin ya sauka."

Ta karɓi igiyar daga hannun Yaya, ta ja akuyarta wajen ruwa, tana yi mata faɗa don ta ƙi cin abinci a birni.